Allurai a Ƙirjin 'Yar Tsana

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar watan azumi, shekarar da nake aji huɗu na firamare, lokacin da azumi ke faɗowa cikin damina. An kwana ana ruwa, tsakar gidanmu na unguwar Gwallameji ta yi taɓo har sai an jera duwatsu ake takawa. Na fito daga ɗakin Umma da gudu, ba takalmi, na dunƙule wani ɗan ƙyalle a hannu, na sunkuya ta ƙarƙashin igiyar shanya na faɗa ɗakin Maman Saratu ko sallama ban ƙarasa ba. Ƙyallen ragowar atamfar Sallata ce, shuɗiya mai zanen ganye ruwan ɗorawa, wadda ita Maman Saratun ta gama ɗinka mini ta maido wa Umma ragowar a ƙulle. Tun bayan sahur nake naci har Umma ta gaji ta ce in ɗauka in ba ta wuri. Na shimfiɗa shi a kan keken ɗinki na ce ina so a yi wa 'yar tsana kaya irin nawa sak, riga da zani da ɗankwali, ranar Sallah mu fita anko. Maman Saratu ta sauke tabarau kan karan hanci ta tambaye ni ko Umma ta sani. Na ce ta sani. Ba ta yarda da bakina ba, sai da ta leƙa ta taga ta ɗaga ƙyallen sama. Umma tana tsugune tana wanke kwanuka, ta yi dariya ta ce don Allah ta ɗinka mini ko kunnenta ya huta.

Gidan haya ne. Mu muna da ɗaki biyu ta gabas, ni da Umma da Baba da ƙanena da ke goye, ita kuma tana ɗaki ɗaya da ɗan baranda ta yamma, rijiya a tsakaninmu. Mutuniyar wajen Bogoro ce, Kirista, mijinta soja ne. Da ya rasu sai zaman barikin Shadawanka ya ƙare mata, ta kwaso kekenta da 'yarta Saratu ta kama ɗakin nan tun ban iya tafiya ba. Hausarta irin ta mutanen can ce, kowa namiji ne a bakinta. "Kulu, zo ka saka mini zare," haka take ce mini, ni kuwa da bakin tsiya sai in ce ni ba "ka" ba ce, ta ce to ta ji, gobe kuma ta maimaita. Ita da Umma ba mai jin kansu. In an sha ruwa, kwanon farko na kunun tsamiya da ƙosai nata ne, ni ke kaiwa. In Kirsimeti ta zo, Baba take kawo wa kazarta ya yanka mata don mu ma mu ci. Ranar da naƙudar ƙanena ta kama Umma, Baba yana ofis, ita ta rufe keke ta nemo mota, ita kuma ta fara ɗaukar jaririn.

A lokacin Gwallameji ba ta cika ba. Kana fita ƙofar gidanmu ka yi 'yar tafiya sai gonakin masara da gyaɗa, da kangwayen da aka aza tubali aka bari ciyawa ta cinye. Aikina da safe in ja ruwa in cika randa, in share tsakar gida, in kai niƙa. Bayan makarantar boko sai Islamiyya da la'asar, in an taso mu tsaya a wani kango mu yi 'yar gala-gala da carafke, mu tuge ɗanyar gyaɗar mutane mu ci da ƙasarta, a biyo mu da tsumagiya mu watse. Ƙawayena suna da 'yan tsanansu na kara da na ƙashi, mukan yi musu biki mu dafa tuwon ƙasa a gwangwanin madara. Amma ni tun da idona ya buɗe a kan na Maman Saratu na raina na kowa, har ƙawayen suka sa mini suna 'yar ɗakin tela. Ban damu ba, don gaskiya ce.

Ɗinkin mata shi ne abincinta, amma 'yan tsana su ne ranta. Ita ke yin jikinsu da farin yadi, ta cusa audugar rimi, tsawonsu bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsa ba, sannan ta zauna ta yi musu sutura kamar ta mutanen gaske ta jera a wani kabad mai gilashi. Akwai Bafulatana da 'yar rigarta ta saƙi da ƙwaryar nono da aka fafe daga ɗan ƙaramin duma, akwai matar ƙauyensu da tsakiya a wuya da ƙugu, akwai amarya lulluɓe cikin mayafi, akwai matan coci cikin anko. Akwai kuma wani malami da babbar riga ta shadda wadda ta yi wa surfani da hannu, zanen aska biyu, da zare siriri kamar gashi, har da aljihu da 'yar hula ƙube. Wannan rigar kaɗai ta cinye mata damina guda. Matan hafsoshi suna zuwa daga bariki su saya su jera a falo, akwai kuma wata malamar jami'a da ke zuwa daga Gubi, ita tara su take yi, duk sabon da aka gama sai ta zo ta gani. Ba don wasan yara ake yinsu ba. Ni kaɗai ce yarinyar da aka yarda ta taɓa, shi ma sai na wanke hannu da sabulu an duba.

Tana da ƙa'idoji biyu da ban taɓa ganin ta karya ba. Ba ta yi musu fuska, ba ido ba baki, saboda ta san yawancin maƙwabtanta ba sa son mutum-mutumi mai fuska a ɗaki, ta ce ba za ta ajiye abin da zai hana Umma shigowa wurinta ba. Sannan ba ta taɓa ƙyallen kowa sai da izininsa. Kowa ya san yadda mutanenmu suke da ragowar yadinsu, ba a son barinsa a hannun wani don gudun kada a haɗa da shi a yi wa mutum asiri, shi ya sa duk ɗinkin da ta gama sai ta tattara ragowar, ko bai fi farce ba, ta ƙulle ta mayar. Wajen aikin kuwa ba ta auna 'yar tsana da tef. Ɗora yadin take yi a jikinta ta naɗe, ta kafe shi da ƙananan allurai masu kai, a ƙirji da kafaɗa da haƙarƙari, ta bar shi haka kwana da kwanaki tana dubawa tana gyarawa kafin ta sa zare. Haka ta yi wa tawa a gabana ran nan. Ta kafe atamfata da allurai, ta ajiye a kan taga, ta ce in yi haƙuri sai ta rage ɗinkin Sallar mutane.

Ba a daɗe ba ruwa ya kama mu a hanyar Islamiyya. Maimakon mu fake sai muka tsaya wasa a ƙarƙashin indararo, ni uwar rawar kai har da cire hijabi. Washegari na tashi da zazzaɓi da tari, duk numfashin da na ja sai in ji kamar ana soka mini wani abu a haƙarƙari. Aka gwada maganin kemis bai yi ba, aka kwashe ni sai asibiti, likita ya ce sanyi ne ya kama huhuna, aka kwantar da ni. Umma ta tare a wurina da goyonta. Baba ya aika aka kira yayarsa, Goggo Asabe, daga cikin gari ta zo ta riƙe gidan. Goggo tana son mu har cikin ranta, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta rasa 'ya'ya biyu suna ƙanana, kuma tun daga nan komai tsoro yake ba ta. Ta zo duba ni ta tarar ina kuka ina cewa ana soka mini allura a ƙirji. Maganar yaro mai zazzaɓi ce, amma ta tafi da ita gida.

Abin da ya biyo baya ban gani ba, daga baya na ji shi a bakin mutane, kowa da irin gishirinsa. Goggo ta fito jan ruwa da hantsi, idonta ya faɗa kan tagar Maman Saratu. Ga wata aba ba ido ba baki, sanye da atamfar da ta gani a akwatina, ga allurai kafe a ƙirjinta da haƙarƙarinta. Ta saki guga a rijiya ta ɗora hannu a ka tana salati. Kafin Maman Saratu ta taso daga kan keke tsakar gida ta cika da mata. Ta yi bayani, ta buɗe musu kabad, ta ɗauko wata da ba ta gama ba ta nuna yadda ake kafe yadi, amma duk abin da ta nuna sai ya ƙara tsorata su, wata ma ta rantse ta ga zanen zaninta a jikin amaryar. Goggo ta fizge 'yar tsanar ta zare alluran ɗaya bayan ɗaya tana tofa addu'a, ta tuɓe mata atamfar, ta jefa jikin a murhu. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa, har an ƙara da cewa da ma ba a san abin da ya kashe mijinta ba. Kai, mutane ba su da kyau in tsoro ya kama su.

Ga Sallah ta matso, lokacin da tela ko kansa ba ya iya ɗagawa, sai mata suka yi layi a barandar Maman Saratu suna karɓar kayansu. Wadda aka yanka nata ba a haɗa ba ta karɓa a haka, wadda aka saka wa hannu ɗaya ta karɓa a haka, kowace tana cewa a haɗo mata da ƙyallenta kaf. Kada ma wani ya ce abin na addini ne, wallahi har matan cocinsu sun zo sun karɓi nasu, ɗaya ma ba ta yarda ta zauna a kujerar da aka ba ta ba. Ita dai tana ƙullewa tana miƙawa. An ce abu ɗaya kawai take maimaitawa, a jira Maman Kulu ta dawo, ita ta san yadda aka yi.

Ba ta iya jiran ba, ta zo asibitin da kanta. Wannan kam da idona na gani, ina kwance da robar ƙarin ruwa a hannu, an ɗauka barci nake. Ta shigo da 'yar kular kunun gyaɗa, Goggo tana zaune a bakin gado da wasu matan unguwarmu. Ba wanda ya amsa gaisuwarta da kyau. Ta tsaya daga ƙafar gado ta dubi Umma, ta roƙe ta ta faɗa musu gaskiya, ta tuna mata ranar da ta ɗaga ƙyallen ta taga. Ni na san Umma ta tuna. Na ga yadda ta sunkuyar da kai tana gyara goyon da ba abin da ya same shi. Ta yi kwanaki ba barci tana kallon ƙirjina yana hawa yana sauka, ga yayar miji ta zuba mata ido, ga kuma wataƙila wani ɗan kokwanto da ya shige ta ita ma. Sannan Umma ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Allah ne masani."

Gaskiya ne, Allah ne masani, ba wanda zai ce ta yi ƙarya. Amma duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da kalmar nan ke nufi in aka faɗe ta a irin wurin nan, zame kai ne a bar mutum shi kaɗai. Na yunƙura in yi magana tari ya sarƙe ni, aka taso kaina ana shafa mini baya ana yi mini sannu. Goggo ta ce tun da dai an zare alluran yanzu za a gani, in yarinya ta tashi to magana ta fito. Maman Saratu ta ajiye kular a ƙasa, ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce da Hausar nan tata, "To, Allah ya sa ya tashi. Ko za a ce ni ne, ya tashi." Ta juya ta fita. Kunun a kwata aka zubar da shi.

Na kuwa tashi. Alluran da suka warkar da ni na likita ne, safe da yamma har mazaunaina suka yi tsami, amma ba su mutane suka duba ba. Zazzaɓi ya sauka bayan an zare na 'yar tsana, shi ke nan unguwa ta samu shaida, aka yi ta zuwa barka ana yi wa Goggo godiya. Sai bayan Sallah aka sallame ni, na dawo ƙafafuna kamar sillen kara, atamfar ma ban sake ganinta ba. Na faɗa, wallahi na faɗa. Na gaya wa Goggo ni na kai ƙyallen da hannuna, ta ce ai haka ake yi, sai an shanye yaro ya kai da kansa. Na gaya wa Baba, ya ce ya sani, duk shirme ne, amma a ɗaki ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa, ya ce in bari maganar za ta wuce. Na tambayi Umma me ya hana ta faɗa, ta daka mini tsawar da ba ta taɓa yi mini irinta ba, ta hana ni ƙetare rijiya.

Maganar ba ta wuce ba. Keken da muka saba tashi da ƙararsa ya yi shiru. Yara suka daina bi ta ƙofar gidanmu, in ta fita sayen kayan miya mai tebur sai ya ajiye mata a ƙasa don kada hannunsu ya haɗu. Malamar Gubi ta zo sau ɗaya ta koma hannu wofi, ashe Maman Saratu ce ta ce mata ta daina. Wata rana ina zaune a ƙofar ɗakinmu ina shan hantsi na hango ta a baranda da reza a hannu. Warware kayan 'yan tsanan take yi. Ta cire wa Bafulatana rigarta, ta tsinke tsakiyar matar ƙauye ta zuba a gwangwani, duk ƙyallen da wani ya taɓa ba ta kyauta ta ƙulle shi daban don a mayar masa. Da ta zo kan babbar rigar malamin na ce a raina wannan kam za ta bari, don yadinta ne da ta saya da kanta. Ina, sai da ta bi surfanin nan zare-zare ta tsinke. Na fashe da kuka daga inda nake. Ta ɗago ta gan ni, ta ɗan ɗaga mini hannu alamar in yi shiru kada a ji, ta ci gaba da aikinta.

Da Saratu ta dawo hutu daga makarantar kwana suka ɗaure kaya. Wata akori-kura ta zo da safe aka ɗora keke da kabad ɗin, babu komai a cikinsa. Umma ta tura ni ɗaki ta rufe ƙofa ta jingina da ita. Muna ji Maman Saratu ta zo daidai ƙofar ta ce ta tafi, a yafe mata in ta yi wani laifi, a gaida Kulu. Umma ta toshe bakinta da gefen zani, hawaye na zuba, amma ba ta buɗe ba. Na ji haushin Umma ran nan, kuma ba zan ɓoye ba, na daɗe ina jinsa. Wasu ɗalibai aka zuba a ɗakin bayan an shafa masa fenti.

Shekaru suka tafi. Goggo ta koma ga Allah tana ganin ita ta ceci raina, har ƙarshe ba ta daina ba da labarin ba. Ina karatu a jami'a a Gubi, wata rana a cikin bas wata mata ta yi ta kallona, sai da muka kusa sauka ta tambaye ni ko ni ce Kulu. Saratu ce, ta zama ma'aikaciyar jinya. Ta gaya mini mamanta ta rasu a ƙauyensu. Ta ci gaba da ɗinki a can, kayan makarantar yara da facin riguna, amma ba ta ƙara yin 'yar tsana ba, ko jikokinta ba ta yi wa ba. Kuma maganar ta bi ta har ƙauyen, akwai waɗanda har ta mutu ba su bari ta ɗauki jariransu ba. Na dawo gida na samu Umma tana tsince shinkafa a faranti, na faɗa mata. Ta yi innalillahi, ta ajiye farantin. Can ta ce, "Ai ni na ce ta ɗinka miki." Daga ni sai ita a ɗakin, ba wani mai ji. Na dube ta da niyyar in amsa, sai na ga tsohuwa ce kawai, na ɗauki farantin na ƙarasa tsintar.

Yanzu in na bi ta Gwallameji a keke ba na gane inda gonakin suke, duk sun zama gidaje masu dogayen katangu da ƙofar ƙarfe, maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. An rushe gidanmu an yi shaguna, cikinsu har da na masu injin surfani da ke zana fure kan riga kafin ka gama gaisawa. 'Yata tana da 'yan tsana na roba masu gashi da idon da ke rufewa, takan kawo mini ta ce in yi musu zani, in naɗa musu hankici in ɗaure, iyakar abin da na iya ke nan. Matan da suka cika tsakar gidanmu ran nan sun watse, wasu sun mutu, wasu sun tashi, babu ma waɗanda zan tara in gaya wa yadda aka yi, shi ya sa nake faɗa a nan. Ina kewar matar nan, kewa mai ciwo, kuma ban samu na ce mata ko na gode ba. Ni dai na tashi daga jinyar nan, sunanta ne bai tashi ba.